Wace gunduma ce za ta riƙe ka idan hanya ta yanke?

Tambaya: Wani magidanci da ke zaune da iyalinsa a ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka ya ce zaman haya ya ishe shi, kuma tun lokacin korona, da ya ga kantuna sun yi wayam, hankalinsa ya koma karkara. Yana son ya sayi fili ya noma abin da zai ci, ya yi ɗan kiwo, ya mallaki ruwansa da wutarsa, yadda ko wani bala'i ya faɗo ba zai tagayyara ba. Ya ga tallan eka biyar a wata gunduma ta yammacin ƙasar, kuɗinta bai kai na tsohuwar mota ba. Yana tambayar yadda ake gane gundumar da ta dace, da kuma ko wadda ta fi nisa da jama'a ita ce ta fi aminci.

Amsa: Malam, zan fara da wutsiyar tambayarka, domin nan ne masu irin niyyarka suka fi yin tuntuɓe. Nisa da jama'a ba ya ba da aminci. Mutum yakan zauna yana hasashen ranar da duniya za ta hargitse, 'yan birni su fantsamo neman abinci, sai ya zaɓi wurin da babu mai iya kai masa. Amma abin da ke zuwa a zahiri, shekara bayan shekara, bai kai wannan girma ba: ƙanƙara ta karya turakun lantarki a yi kwana goma babu wuta, ruwa ya tafi da gada ɗaya tilo, rijiya ta ƙafe a watan Agusta, yaro ya faɗo daga kan tarakta. A kowanne daga cikinsu, inda ɓarawo ba zai kai maka ba, motar asibiti ma ba za ta kai ba. Saboda haka ma'aunina ɗaya ne. A ce a wata mafi muni na shekara an ɗauke wuta, hanya kuma ta yanke har mako biyu. Gidanka zai sha ruwa? Zai ji ɗumi? In wani ya ji ciwo, wa zai zo, ta wace hanya, cikin minti nawa?

Ka kuma raba abu uku da ake yawan cakuɗawa. Amurka na da gundumomi, wato kaunti, sama da 3,100, wasunsu kuwa ƙasa ce guda. San Bernardino ta Kalifoniya ta haura murabba'in mil 20,000. A gunduma ɗaya kana iya samun fadama mai albarka, ka yi gaba kaɗan ka tarar da fako. Abin da ke hannun gunduma shi ne dokar gini, harajin fili, gyaran ƙananan hanyoyi, ofishin sherif (shugaban 'yan sandan gunduma) da tsarin agajin gaggawa. Haƙƙin ruwa galibi a hannun jiha yake. Ƙarfin ƙasa da zurfin rijiya da ambaliya kuwa na filin ne shi kansa. Don haka jerin nan na "gundumomi goma mafi kyau" da ke yawo a intanet iyakarsa ya nuna maka inda za ka fara dubawa.

Ruwa ne kan gaba, a kansa kuma zan fi daɗewa, domin sauran duk kuɗi da haƙuri suna gyara su. Ƙasa in ta gaji taki yana tashinta, gida mai sanyi ana toshe shi. Filin da babu ruwa a ƙarƙashinsa, ko akwai amma doka ta hana ka taɓawa, ba shi da magani.

Buɗe taswira ka nemo layin digiri 100 na yamma, wanda ya ratsa Dakota ta Arewa da ta Kudu, Nebraska, Kansas, Oklahoma da Teksas. Tun 1878 John Wesley Powell ya faɗa wa majalisar dokokin ƙasar cewa daga wajen nan zuwa yamma ruwan sama ba ya kai inci 20 a shekara, kuma ƙasa da haka noma sai da ban ruwa. In ka cire gaɓar arewa maso yamma da kan manyan duwatsu, maganarsa tana nan daram. Mafi yawan filayen da ake tallatawa a kuɗin tsohuwar mota yamma da wannan layi suke. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗauki kwarin San Luis a kudancin Kolorado, inda gundumar Costilla take, wadda ta yi suna da irin waɗannan eka biyar-biyar. Wurin yana da kyan gani, ba gardama. Amma yana wajen ƙafa 7,500 sama da teku, abin da ke sauka a garin Alamosa a shekara wajen inci 7 ne, lokacin noma kuma kimanin wata uku. Yanzu yi lissafi. Rufin gida mai murabba'in ƙafa 1,000 yana tara galan 620 daga kowane inci na ruwan sama, wato a can galan 4,300 da 'yan kai a shekara, in ba ɗigon da ya zube. Lambu kuwa yana son kimanin inci ɗaya a mako, kuma inci ɗaya a kan kwatan eka ya kai galan 6,800. Ka ga ruwan rufinka na shekara guda bai shayar da lambunka na mako ɗaya ba. Ba a ma zo kan sha da wanka da dabbobi ba, saniya ɗaya kuwa tana shan galan goma zuwa ashirin a ranar zafi. Rufin nan dai, in a Kentaki ko Tenesi yake, inda ake samun inci 45 ko fiye, zai tara kusan galan 28,000.

Za ka ce to sai a haƙa rijiya. Nan doka take jira. A jihohin gabas, wanda filinsa ya taɓa rafi yana da haƙƙin amfani da ruwan daidai misali. A yawancin jihohin yamma ƙa'idar daban ce: wanda ya riga kowa fara amfani da ruwan shi ke da shi, ko da ƙoramar ta ratsa tsakiyar gonarka. Haƙƙin da aka yi wa rajista shekara ɗari da suka wuce yana gaba da naka, kuma a shekarar fari mai shi zai sha ya ƙoshi kafin ka ɗebi bokiti. A Kolorado, filin da bai kai eka 35 ba, izinin rijiyar da yawanci ake ba shi na amfanin cikin gida ne kaɗai: ba ban ruwan lambu, ba shayar da dabbobi. Sai ya kai eka 35 ake barin ka shayar da dabbobi da lambun da bai wuce eka ɗaya ba. Ko tara ruwan rufi ma sai a 2016 jihar ta halatta wa kowane gida, shi ma ganga biyu, jimilla galan 110. Mai sayar da eka biyar ba zai rubuta wannan a tallansa ba.

Akwai takardar da ta fi duk bayanin dillali amfani. A mafi yawan jihohi, mai haƙa rijiyar burtsatse dole ne ya miƙa wa hukuma rahoton aikinsa, kuma ana samunsa kyauta a shafin hukumar ruwa ta jihar. Takarda ce guda mai layi-layi, sau da yawa da rubutun hannu: daga ƙafa kaza zuwa kaza laka, daga nan tsakuwa, daga nan dutse, an ci karo da ruwa a ƙafa kaza, ya tsaya a kaza, rijiyar tana ba da galan kaza a minti. Ciro na rijiyoyi goma mafi kusa da filin, ka jera su bisa shekarar haƙa su. In tsofaffin sun samu ruwa a ƙafa 150, na tsakiya sai 300, na baya-bayan nan 500, ruwan wurin guduwa yake yi, kuma kai ne za ka bi shi da kuɗinka, don da ƙafa ake biyan mai haƙa ko ya samu ruwa ko bai samu ba. Rijiyar da ke ba da galan 5 a minti ta wadatar da gida. Mai ba da galan ɗaya ana lallaɓa ta da babban tanki, amma ka cire rai da babban lambu.

Gundumar Cochise a Arizona misali ce mai kyau ta yadda abu ɗaya kan rufe wa mutum ido. Masu son gina gidansu da hannunsu suna rububinta, domin mai eka huɗu ko fiye a shiyyar karkara yana iya neman a ɗauke masa duba-garin gini. Amma a gundumar nan ce yankin Willcox yake, inda manyan gonaki suka yi ta jan ruwan ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyin gidaje suka ƙafe, ƙasa ta rinƙa tsagewa, sai a Disamban 2024 jihar ta sa yankin ƙarƙashin dokar taƙaita jan ruwa. Mai babban inji da dogon bututu shi ke cin wannan gasa. Don haka ka duba abin da maƙwabta ke yi da ruwa mil goma kewaye, ba na kan iyakarka kaɗai ba. In kuma aka ce maka "ai nan kowa da tanka ake kawo masa", ka tuna da unguwar Rio Verde Foothills, can Arizona ɗin dai: ranar 1 ga Janairun 2023 birnin Scottsdale ya daina sayar wa masu tanka ruwa, ɗaruruwan gidaje suka wayi gari babu inda za su ɗebo kusa. Wanda ake kawo wa ruwa a mota bai dogara da kansa ba, ko sola nawa ya jera a rufi.

Ko rijiyar tana da kyau, sai ka tambayi abin da zai fito da ruwan in babu lantarki. Famfon hannu na zuƙa ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin ƙafa 25. Akwai na rijiya mai zurfi, amma yana da tsada kuma yana cin ƙarfi. A Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da lantarkin Teksas, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma masu rijiya a karkara sun ga injinsu ya tsaya, bututu ya daskare ya fashe. Shi ya sa maɓuɓɓuga ko tanki da ke tudu sama da gida, ruwa yana gangarowa da kansa, ya fi duk wata na'ura daraja a wurina. Sannan dokar tarayya ta ruwan sha ba ta shafi rijiyar gida ba, babu mai zuwa ya gwada maka. Kai samfuri ɗakin gwaji kafin ka biya: ƙwayoyin cuta, sinadarin naitiret na takin zamani wanda in ya haura miligiram 10 a lita yana cutar da jarirai, da kuma gubar asenik. A yankunan dutsen farar ƙasa mai kogo-kogo, irin na Mizuri da Kentaki da Tenesi, ƙazantar gonar da ke nesa tana iya bi ta ƙarƙashi ta iso rijiyarka cikin 'yan kwanaki.

Batun ƙasa da na lokacin noma ba za su ja mu da nisa ba, don kayan binciken kyauta ne. Kuskure ɗaya nake son ka kauce wa. Taswirar shiyyoyin sanyi ta ma'aikatar noma, USDA, wadda aka sabunta a 2023, ita kowa ke ambato, amma abin da take aunawa kaɗai shi ne tsananin dare mafi sanyi na shekara. Tana gaya maka ko itacen tuffa zai tsallake hunturu. Ba ta gaya maka kwana nawa ke tsakanin shuka da girbi. Wannan sai ka nemi ranar da raɓa ke daskarewa ta ƙarshe, wajen Afrilu ko Mayu, da ranar da take dawowa, wajen Satumba ko Oktoba. In tsakaninsu bai kai kwana 120 ba, masara da kabewa za su yi ta tsere da sanyi, sai ka koma dankali da kabeji da rumfar leda. Iska mai sanyi kuma gangarowa take yi ta kwanta a gindin kwari, don haka gona biyu da ke kallon juna suna iya bambanta da mako biyu ko uku.

A shafin binciken ƙasa na ma'aikatar noman, Web Soil Survey, za ka zana iyakar filin, ya fito maka da irin ƙasar, zurfinta kafin dutse, da ajinta daga 1 zuwa 8. Daga 1 zuwa 4 ana nomawa, daga 5 zuwa sama galibi sai kiwo ko daji. Bayan haka ka je da shebur. Haƙa rami zurfin gwiwa a wuri uku ko huɗu, ka cika da ruwa, ka dawo washegari. In ruwan yana nan kwance, ka san da matsala, kuma ba ta lambu kaɗai ba. A karkara babu magudanar gwamnati, kowa da sokawensa, kuma gundumomi da yawa ba sa ba da izinin gina gida sai ƙasar ta ci gwajin shan ruwa. Ka sa a cikin yarjejeniyar ciniki cewa in filin ya faɗi wannan gwaji a mayar maka da kuɗinka. Ka kuma leƙa ofishin malaman gona na gundumar, tsarin da ke nan tun dokar Smith-Lever ta 1914. Su ne za su gaya maka abin da ke yi a wurin da abin da baƙi ke shukawa kowace shekara yana mutuwa.

Yanzu bala'o'i. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, tana da ma'aunin National Risk Index da ke jera haɗura iri 18 ga kowace gunduma. Duba shi, amma ka san yadda aka gina shi: babban ɓangaren lissafin hasarar dukiya da rayuka ce da aka mayar dala. Gundumar da ba mutane ba gine-gine sai ta fito da kalar "haɗari kaɗan", alhali gobarar daji tana lashe ta duk bayan 'yan shekaru. Ka shiga ciki ka duba sau nawa abin ke aukuwa, kada ka tsaya kan kalar taswira.

Kuma kada suna ya ruɗe ka. Shekaru ana kiran duwatsun yammacin Karolina ta Arewa mafakar masu gudun sauyin yanayi: tudu ne, nesa da teku, ga ruwa ga daji. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta sauka a Florida ta hauro, aka auna ruwa sama da inci 30 cikin kwana uku a Busick ta gundumar Yancey. Ƙananan rafukan da yaro ke tsallakewa suka tafi da gidaje, gangaren duwatsu suka zaftare, sama da mutum 100 suka rasu a jihar. Birnin Asheville bai samu ruwan famfo mai shayuwa ba sai 18 ga Nuwamba. Babbar hanyar I-40 ta rufta a kwazazzabon kogin Pigeon, ba a sake buɗe ta ba sai Maris na 2025. Dubban ƙananan gadoji da hanyoyin da mutane suka yi wa gidajensu suka tafi, har da alfadarai aka rinƙa kai wa wasu abinci da magani. Abin lura, yankin ya taɓa ganin babbar ambaliya a Yulin 1916. Labarin yana nan a rubuce, masu sayen fili ne ba su tambaya ba.

Taswirar ambaliya ta FEMA tana nuna wurin da ake cewa na "ambaliyar shekara ɗari". Ma'anarsa kashi ɗaya cikin ɗari kowace shekara, wanda a shekara 30 ya kai kashi 26. Kuma taswirar ta fi kula da manyan koguna. Ƙananan rafukan karkara da yawa ba a auna su da kyau ba. Idonka ya fi ta a nan. Tsaya a kan kowace gada da kowane kwalbati tsakanin filin da kwalta, ka ɗaga kai ka dubi rassan bishiyoyin bakin rafi. In ka ga busasshiyar ciyawa da tsumman leda sun maƙale a reshe sama da kanka, ruwa ya taɓa kaiwa can, ko me takarda ta ce. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya, ba ta biyan girgizar ƙasa, kuma ta ambaliya ta tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki.

Gobara darasinta ɗaya ne da na ambaliya, wato hanya. Garin Paradise a gundumar Butte ta Kalifoniya yana kan doron tudu cikin daji, hanyoyin fita 'yan kaɗan. Ranar 8 ga Nuwamban 2018 gobara ta ci gine-gine sama da 18,000, mutum 85 suka rasu, wasunsu a cikin motocinsu a cunkoso. Ni dai filin da hanyar fitarsa ɗaya ce, ta cikin daji ko ta kan gada ɗaya, ba na ba kowa shawarar sayensa, ko da ruwansa zuma ne. Ga kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi: kira kamfanin inshora ka ce su yi maka farashin gida a wannan adireshi. Su da kuɗinsu suke caca, ba sa yi wa wuri kara. A Mayun 2023 kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya gaba ɗaya. In kamfani uku suka ƙi ka, ko suka faɗi kuɗin da ya sa ka zauna, sun gama yi maka binciken.

Sauran ka bi su da sauri a taswira. Yankin New Madrid, inda Mizuri da Akansas da Tenesi da Kentaki suka haɗu, ya yi manyan girgizar ƙasa a 1811 da 1812. Duba ko akwai madatsar ruwa sama da kai. Ta Edenville a Mishigan ta ɓalle a Mayun 2020, aka kwashe wajen mutum 10,000. Duba layin dogo, don jirgin da ya kife da sinadarai a East Palestine ta Ohayo a Fabrairun 2023 ƙaramin gari ya samu. Tashar nukiliya tana da da'irar shirin gaggawa ta mil 10 da ta mil 50. Masu neman inda babu kowa kuma su sani cewa ramukan makamai masu linzami na ƙasar a filayen Montana da Dakota ta Arewa da Wayomin da kewayenta suke, daidai saboda babu kowa.

Batun doka, mutane sukan yi murna in suka ji gunduma ba ta da dokar gini ko ta rarraba shiyya. 'Yancin da ya ba ka damar kafa bukkarka shi ne ya ba maƙwabcinka damar kafa gidan aladu dubu ko wurin fasa dutse a kan iyakarka. Abu uku ne lauya zai duba maka a takardun filin. Na farko haƙƙin hanya a rubuce. Sawun taya da ya ratsa gonar wani ba hanya ba ce, ranar da ya sa ƙofa da kwaɗo ka shiga uku. Na biyu ma'adinai: a jihohi da yawa ana sayar da saman ƙasa daban da ƙarƙashinta, a yamma ma gwamnatin tarayya ta riƙe ma'adinan filaye masu yawa tun dokar 1916, kuma mai ma'adinai yana da ikon shigowa ya haƙa. Na uku sharuɗɗan da wanda ya yanka filayen ya ɗora, waɗanda kan hana kiwo ko zama a tirela. Ka kuma tambayi wa ke share dusar ƙanƙara a hanyar, gunduma ko mazauna. Harajin fili kuwa ba ya sanin ka dogara da kanka. In ka daina biya, gwanjo ne ƙarshensa. Kowane mai irin wannan rayuwa yana da hanyar shigar kuɗi, don haka gwada sabis ɗin waya da intanet da wayarka kana tsaye a filin.

Mun dawo kan mutane, kuma a ganina nan ne gunduma ɗaya ke fin wata. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa-kai ne, a karkara ma su ne kusan duka, kuma sau da yawa su ne masu fara isa wurin mara lafiya. Je tasharsu ka gaisa, ka tambayi su nawa ne, ka lura da shekarunsu. In mafi ƙuruciyarsu ya fara furfura, gundumar tana zubar da matasanta, nan da shekara goma ba lallai a samu mai amsa kira ba. Gidan da ya wuce mil biyar na hanya daga tasha, galibi masu inshora suna sa shi a aji na 10, wato kamar ba shi da kariya. Asibitocin karkara sama da 100 sun rufe tun 2010, sama da rabin gundumomin karkara kuma ba su da asibitin da ke karɓar haihuwa. Ka tuƙa mota daga filin zuwa sashen gaggawa mafi kusa ka duba agogo, sannan ka ƙiyasta tafiyar da dare cikin ƙanƙara. Kamfanin lantarki ma layin da ya fi yawan gidaje yake fara gyarawa; gidan ƙarshen layi shi ne na ƙarshe.

Abin da nake nema shi ne ƙaramin gari mai rai a cikin tafiyar rabin awa: shagon kayan gini, shagon abincin dabbobi, likitan dabbobi, makanike, mai haƙa rijiya, makarantar da ba a shirin rufewa. A kwanakin farko bayan Helene, kafin manyan motocin agaji su iso lunguna, maƙwabta ne masu tarakta da zarto mai inji suka buɗe hanyoyi. Irin waɗannan maƙwabta ba a sayen su tare da fili. Kuma ba zan ɓoye maka ba, kai baƙo ne, wataƙila sunanka da kamanninka su bambanta da na kowa a wurin, wannan kuwa babu taswirar da ke auna shi. Wani wuri za a karɓe ka hannu bibbiyu, wani wuri za a yi ta kallonka daga nesa. Shi ya sa na fi son mutum ya kama haya a gundumar ya yi hunturu ɗaya da lokacin zafi ɗaya, ya halarci zaman majalisar gunduma, ya karanta 'yar jaridarsu, yaransa su shiga makarantar, uwargida ma ta faɗi nata ra'ayin, kafin ya zuba abin da ya tara.

Game da eka biyar ɗin da ka gani, kada ka aika ko dala ɗaya tukuna. Karɓi lambar filin a wurin dillali. Kira hukumar ruwa ta jihar ka tambayi irin izinin rijiyar da wannan lamba za ta samu, da zurfin rijiyoyin kewaye. Kira ofishin tsare-tsaren gundumar ka ji ko an yarda ka zauna a filin kafin ka gama gini, da abin da suke nema na sokawe. Kira mai inshora. In amsar farko ta zo cewa ruwan na cikin gida ne kaɗai, sauran kiran ma ka huta, ka mayar da bincikenka gabas da layin digiri 100, ka nemi ko da eka biyu ko uku masu tsohuwar rijiya da aka gwada, a kan tudu, da hanyar fita biyu.